Ranar Tserena, Ranar Tafiyarki

Tunga, Minna
Laraba, bayan azahar

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya tsare min ke a gida da kan hanya, ya kai ki Sakkwato lafiya, ya sa ki shiga jami'ar nan da ƙafar dama. Na san za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuka sha koko tare yau da safe. Ki yi haƙuri ki karanta. Bakina ne ban yarda da shi ba. Duk sanda na buɗe shi zan faɗa miki magana mai taushi, sai wa'azi ya fito.

A shago nake, a kan teburin yanka, na ture yadin mutane gefe. Tun safe hannun riga ɗaya nake ɗinkawa ina farkewa. Wannan makon ne ake ce wa mai tsere ya huta, kada ya yi dogon gudu, ya tara ƙarfi. Ni kuwa hutun nan ya fi gudun ba ni wahala. Ƙafafuna sai rawa suke a ƙarƙashin keken ɗinki. In zauna, in tashi, in leƙa titi, in dawo. Maƙwabcina mai sayar da zare har ya tambaya ko wani nake jira.

Kin san abin da ke gabanmu. Asabar ɗin nan ce tseren Abuja, kilomita arba'in da biyu, wanda na shafe wata tara ina yi wa shiri. Asabar ɗin nan kuma motarki za ta tashi. Ranar da muka ga sun haɗu, kafin in gama buɗe baki kika ce, "Ba komai, Baba, ka je tserenka. Kawu Ndagi zai raka ni." Da fara'a kika faɗa, kika ci gaba da ninke kaya. Ni kuma na ce to. Tun daga lokacin ban ƙara zama daidai ba, don na san ba sauƙin kai ne ya sa kika faɗi haka ba. Kin daina sa rai da ni ne, kuma ni na jawo. Tsorona ki bar gidan nan a haka.

Ba ni da wani guzurin kirki da zan ba ki da ya wuce kurakuraina. Ga su nan, ki duba, ki kauce musu.

Kina aji ɗaya a sakandare na fara gudu. Shekara ashirin da biyar ina zaune a kan keke, tumbi ya yi gaba, wuya ya haɗe da kafaɗa. Wata rana ina auna wani mutum jiri ya kwashe ni. Likita ya gwada jinina, ya dube ni ya ce, "Malam, ko ka tashi ka motsa jikin nan, ko wata rana a ɗauke shi." Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Na fara takowa da ƙafa daga gidanmu a Barkin Sale zuwa shago, masu napep suna yi min hon suna dariya. A haka na haɗu da Sajan Bawa, tsohon sojan nan da ke jan mutane gudu bayan sallar asuba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tela, ƙafa naka yana da kyau, ciki ne ya yi yawa. Gobe ka zo." Na je. Gudun nan ya cece ni, Ummi, wannan kam ba zan taɓa musantawa ba.

Sai dai ban tsaya a kaina ba. Da na ji iska ta fara shiga ƙirjina, sai na dawo gida na kafa doka. Na kwashe manja da sukari da dunƙule na kulle a kabad, na rataya makullin a wuya kamar wani mai gadi. Ba soye, ba zaƙi. Mamanku, 'yar Bida da aka san miyar kifinta har layi na uku, na mayar da ita mai dafa zogale da ruwa. Ku kuna ture kwano, ni ina karanto muku amfanin ganye. Da aka yi mako uku, ta ajiye min kwanona ta zauna ta ce, "Baban Ummi, likita kai ya gani, ba mu ya gani ba. In kana so mu bi ka, bari mu ga ka warke tukuna." Na yi ta faɗa, na ce ba a son ci gabana a gidan nan. Ta bar ni na gama, ta miƙo hannu, na ba ta makullin.

Kin ga abin da ya biyo baya. Da na rufe bakina, ita da kanta ta rage mai a miya, ita ta fara shuka alayyahu da kuɓewa da yakuwa a bayan gida, tana ba su ruwan wanke-wanke. Abin da doka ta kasa yi, ganin ido ya yi shi. To ke ma za ki je ɗakin kwanan ɗalibai da tarin ra'ayinki a kan shara da leda da bishiya, kuma na san ki, jinina ce ke, ba kya iya gani ki yi shiru. Za ki haɗu da wadda ke zubar da bawon lemo a ƙofar ɗaki. Kada ki zama ni. Ki share naki wurin, ki ci naki abincin, ki bar su su gani. In sun tambaya sai ki faɗa.

Na biyu ya fi wannan ba ni kunya. Ke kika shigo mana da maganar leda daga ƙungiyarku ta makaranta. Kika sa aka koma zuwa kasuwa da kwando, kika haƙa rami don bawon doya da na ayaba ya zama taki, kika hana ƙona leda a tsakar gida. Ni kuwa na ɗauki abin na kai majalisa ina baza shi kamar ni na ƙirƙiro. "Gidana ba a shiga da leda," in faɗa ina gyara hula. Amma in na fita dogon gudu a hanyar Bida, ruwan leda huɗu ko biyar nake sha. In cije, in zuƙe, in wurgar, ko waiwaye babu. A raina wai mai tsere ba ya tsayawa neman kwandon shara.

Wata safiya wata mata da ƙwarya a ka ta sha gabana. "Kai mai gudu, tsaya." Na tsaya ina haki. Ta ce, "Wa ke korar ka kullum?" Na ce ba kowa. Ta ce, "Karsanata ta mutu makon jiya. Da aka farka cikin, leda ce cunkus. Ban ce taka ba ce. Amma kullum ina ganin hannunka." Maimakon in sunkuyar da kai, sai na ce, "Ni kaɗai ke shan ruwa a Minna?" Na wuce abina. Sai da na yi nisa muryar ta dawo min. Inna Hajara ce, wadda ke kawo mana nono gida shekara da shekaru. Ban gane ta ba, don in ina gudu ba na kallon fuskar kowa sai agogo. Ranar Juma'a ta zo gida kamar kullum, ta gaishe ni, ta auna wa mamanku nono, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ɗamarar nan mai aljihu da kike gani ina ɗaurawa, wadda gora ke shiga, a makon na ɗinka ta. Buhun da nake fita da shi ranar Lahadi ina tsince-tsince a bakin titi ma daga nan ya samo asali, ba daga kirkina ba kamar yadda na bari kuka ɗauka. Ummi, inda za ki ba wanda ya san ki. Ba mamanku, ba maƙwabta, ba mai kawo rahoto. Halin da kika yi a can shi ne naki na gaskiya. Kuma in talaka ya tsayar da ke ya faɗa miki laifinki, ki tsaya ki ji, ko da kina sauri.

Na tashi na zagaya shagon na dawo. Abin da zan rubuta yanzu shi nake ta kewaye-kewaye a kansa tun farkon takardar.

Kafin in kai can, ki san cewa akwai shekarun da ina gidan amma ba na ciki. In fita bayan asuba, in dawo in yi wanka, in tafi shago, in dawo in miƙe ƙafa a kan tabarma ina danna waya ina duba minti nawa na rage. Hira in ba ta gudu ba ce, barci nake ji. Mamanku ta taɓa tambayata, ba cikin faɗa ba, tana tsinke zogale, "Lafiyar nan da kake ta tarawa, wa za ka kai wa?" Na yi dariya na ce mata ba za ta gane ba. Ta gane sarai. Abu mai kyau ma yana cinye mutum, har ya fi mummuna iya ci, don ba wanda zai ce maka ka bari. Karatu zai iya yi miki haka, aikin bishiyoyinki ma zai iya. Ki riƙa ɗaga kai kina duba waɗanda ke zaune kusa da ke.

To, bishiyoyin.

Shekara biyu ke nan. Da damina ku da 'yan ƙungiyarku kuka dasa goma sha bakwai, dogon yaro da mangwaro, a gefen filin wata firamare can hanyar Bida. Ke ce shugaba. Kin kewaye kowace da ƙaya saboda awaki, kin dawo hannuwanki duk sartse. Da ruwa ya ɗauke, wurin ya yi miki nisa, ga karatun jarrabawa. Kika same ni ina ɗaura takalmi kika ce, "Baba, tunda kullum ta nan kake wucewa, ko za ka riƙa ba su ruwa? Akwai famfo kusa da masallaci, na ajiye jarka biyu wurin mai faci." Na bugi ƙirji na ce wannan ai ƙaramin abu ne.

Na yi mako uku ina yi. Sai tseren kilomita ashirin da ɗaya ya matso. In na tsaya jido, minti ashirin ya tafi, su Sajan sun yi nisa, jikina ya huce, lissafin lokacina a agogo ya lalace. Rannan na ce yau dai bari in wuce, gobe na zuba ninki biyu. Gobe ta zo na ce jibi. Kin san ƙarshen lalacewar? Na koma gudu ta ɗaya gefen titin, don kada idona ya faɗa kansu. Ke kuma duk yamma sai ki tare ni da murmushi, "Baba, ya 'ya'yana?" Ni kuma in ce, "Suna gaishe ki." Wata huɗu ina faɗin haka, har zafin bazara ya shigo.

Ni da ake nunawa a Tunga ana cewa ga telan da ba ya saɓa alkawarin Sallah. Na sha ƙin karɓar ɗinkin manyan mutane don na san ba zan gama ba. Baƙo kam ina iya duban idonsa in ce ba zan iya ba. 'Yata ce na kasa faɗa wa.

Da hannuna na tona kaina. Ranar na yi gudun da ban taɓa yi ba, na dawo ina zumuɗi, na miƙa miki wayar ki ga taswira, tunda ke kika sa min abin da ke auna gudun. Kika daɗe kina kallo. Kika ce, "Baba, tun daga gida har ka dawo ba ka tsaya ba ko minti ɗaya." Kika koma na jiya, kika koma na shekaranjiya. Na ce wayar ce ba ta ƙirga tsayuwa. Kika miƙo min ita da hannu biyu. Washegari bayan makaranta kika hau napep kika je da kanki. Biyu kika tarar da rai, su ma don suna kusa da mai faci ne, yana watsa musu ruwan da yake gwada taya a ciki. Sauran sun zama kara.

Ba ki yi kuka a gabana ba. Kin kawo min abinci, kin zuba min ruwan wanke hannu, sannan kika ce a hankali, "Da ka faɗa min tun farko, da na nemi wani." Ni kuwa, Allah ya yafe min, sai na hau sama. Na ce ni za ki tsare da magana a kan itace? Na ce ko kin san wahalar da nake sha don in rayu in riƙe ku? Kika ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Ke kika ba ni haƙuri. Bayan mako guda na ɗinka miki doguwar riga mai aiki a wuya, na ajiye a kan gadonki, na ɗauka na biya. Kika yi godiya, kika sa ta sau ɗaya.

Tun daga nan ba ki ƙara roƙona komai ba. Na lura, kada ki zaci ban lura ba. Takardar makaranta in tana son sa hannu, sai in ji an kai wa kawunki. Ranar da za ki je rubuta jarrabawar shiga jami'a, ban sani ba sai da kika dawo. Ba ki taɓa yi min rashin kunya ba, gaisuwa ba ta taɓa yankewa ba. Kawai kin cire ni daga cikin mutanen da ake dogara da su, kika yi hakan cikin ladabi.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga nan. In kin karɓi amana kika ga ba za ki iya ba, ki koma ranar farko ki ce ba zan iya ba. Kunyar ranar farko 'yar ƙarama ce. Ta wata huɗu ita ce ba ta ɗaukuwa. In kin yi laifi kuma, ki ba da haƙuri da baki tun abin yana da zafi, kada ki aika kyauta ta yi miki magana. Sai na ƙarshe, wanda ya fi damuna. Kada abin da na yi ya sa ki daina roƙon mutane. Za ki yi rashin lafiya a can, za ki rasa gane wani darasi, wata rana kewar gida za ta kama ki. Ki buɗe baki ki nemi taimako. Ba kowa ne babanki ba. Akwai masu faci a duniya, waɗanda ba su yi alkawarin komai ba amma suna watsa ruwa.

Jikinki kuma ki kula da shi tun yanzu, kada ki jira sai likita ya tsorata ki. An ce zafin Sakkwato ba irin namu ba ne, ki riƙa yawo da gorarki. Inda ƙafa za ta kai ki, ki taka. Ki ci wake da ganye, kada ki rayu a kan taliyar leda don sauri. Ki yi barci. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Kin ga wa'azin ya so ya ɓalle, bari in tsaya nan.

Yanzu maganar Asabar. Ba zan yi miki ƙarya a takardar nan ba, raina yana Abuja. Shekarata hamsin da biyu, gwiwata ta hagu ta fara magana, ban sani ba ko zan sake iya shirin wata tara. Na yi gudu cikin ruwan sama, na yi a Ramadan gab da shan ruwa, farce biyu sun fita a ƙafata. Ina so in ga ƙarshen kilomita arba'in da biyun nan da idona sau ɗaya kafin in tsufa. Kwana uku ina juya abin ta kowace fuska ko zai yiwu in yi duka. Ko in raka ki tasha in wuce, amma dole mai tsere ya kwana a Abuja tun Juma'a ya karɓi lambarsa. Ko in bi ki Sakkwato bayan mako guda, amma wannan ziyara ce, ba rakiya ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Jiya na je wurin Sajan, ina fatan ya ce min in je, tunda shi ya sha wahalar horar da ni. Ya saurare ni yana gyara igiyar takalmi. Ya ce, "Tela, titi ba ya zuwa ko'ina. Yarinya ne zai tafi." Na ji haushinsa har na kasa yi masa sallama da kyau. Har yanzu ina ɗan ji.

Amma na gaya masa ya cire sunana daga motarsu. Ba zan je Abuja ba. Wannan ya riga ya ƙare, kuma kada ki ɗora wa kanki. Ba ke kika hana ni ba, ba kuma wata rigar ce na sake ɗinkawa don in saye ki ba. Ko me kika yanke, ba zan je ba.

Kawunki ne ban ce wa ya fasa ba, mamanku ma ban faɗa mata ba tukuna. Wannan a hannunki yake, don ba ni da hurumin ture mutumin da ya tsaya miki shekara biyu. Ranar Asabar in an idar da sallar asuba zan sa kaftani in tsaya a ƙofar gida. In kin ce in zo, zan zauna kusa da ke mu bi ta Zungeru har Sakkwato, in ɗaukar miki jaka har ƙofar ɗaki, in ga inda za ki kwana. In kuma hankalinki ya fi kwanciya da kawunki, ba zan ga laifinki ba. Zan kai jakar tasha, in tsaya har motar ta tashi, in dawo gida. Ki dai faɗa min gaskiyar abin da kike so, ko da ba shi nake son ji ba. Zan iya ɗauka.

Saura abin da ya kamata in faɗa shekara biyu da suka wuce, ranar da kika zuba min ruwan wanke hannu. Ummi, na karɓi amanarki na yar. Na yi miki ƙarya wata huɗu, da kika gane kuma na yi miki tsawa. Ban kyauta ba. Ki yafe min.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya haɗa ki da abokan zama na gari. Allah ya ba ki ilimi mai amfani da lafiyar da za ki yi aiki da shi, ya dawo mana da ke cikin aminci. Allah ya yi miki albarka, ko da wa kika tafi.

Wassalam.

Babanki